Bencin Ɗaga Ƙarfe a Ɗakin Inna

Ina da shekara arba'in da bakwai Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ni ce 'yarta ta fari, ƙannena maza biyu kuwa aiki ya kai su nesa. Mijina ya daɗe da rasuwa, don haka na tattara kayana na dawo gidanmu na cikin birni. Da safe in tafi makarantar da nake koyarwa, da azahar in dawo in karɓi matar da ke zama da ita.

Inna ba mai jiki ba ce, amma wanda ba ya iya taimakon kansa nauyi gare shi. Sau biyar ko shida nake ɗaga ta a yini, daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki. Wata Laraba da la'asar na sunkuya na tallafo ta, sai bayana ya riƙe. Ban sake ta ba, tare muka sulale a hankali har ƙasa, muka zauna kan siminti muna kallon juna. Daga ranar ta rage shan ruwa. Sai da na kwana uku kafin na gane don kada ta yawaita neman a ɗaga ta ne.

Na ba likitar gashin ƙashi da ke duba ta a asibiti labari. Yarinya ce a kaina, amma ba ta ɓoye-ɓoye.

"Malama, marasa lafiya biyu ke nan gare ni," in ji ta. "In ba ki ƙarfafa bayanki da hannuwanki ba, wata rana ku biyu za a kwantar."

Ta koya mini motsa jiki kala huɗu, ta ce in nemi ƙananan ƙarafa biyu na hannu da benci. Kada bencin ya yi rawa, kada sosonsa ya yi laushi, kuma in na kwanta a kai tafin ƙafata ya zauna daram a ƙasa. "Kada ki saya sai kin hau," ta ƙara.

Na fara gwada bencin katakon da ke zaurenmu, wanda baƙi ke zama a kai. Ƙafarsa ɗaya ta gajarce, ina juyawa yana bina. Ranar Asabar na hau keke napep na nufi wani shagon kayan wasanni a Sabon Gari.

Shagon cike yake da ƙwallaye da rigunan wasa. Mai shi dattijo ne mai furfura a gemu. Bayan mun gaisa na ce bencin ɗaga ƙarfe nake nema, ya ce, "Hajiya, yaro za a saya wa?"

"Nawa ne."

Na jira dariya, bai yi ba. Ya nuna mini guda uku. Na farko babba ne, da wurin ɗora dogon ƙarfe, ana ɗaga majinginarsa a sauke. Na biyu ana naɗe shi a jingine bayan ƙofa. Na uku shimfiɗaɗɗe ne kawai, baƙi, ba ado.

Raina ya tafi ga mai naɗewar, kuma na san dalili. So nake in riƙa ɓoye shi. A unguwarmu ban taɓa jin macen da ke ɗaga ƙarfe ba, kuma gidanmu ba ya rabuwa da 'yan dubiya.

"Ki hau ki ji," in ji shi.

Na tsaya da hijabina ina duban titi. Ƙofar shagon a buɗe take, masu keke suna jere suna jiran fasinja. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, sai ya ɗauki kujerarsa.

"Zan zauna a waje, ba mai shigowa. Ki gwada a nitse."

Ya janyo ƙofar ya fita.

A kan babban, yatsun ƙafata kaɗai ke taɓa ƙasa. Mai naɗewar kuwa ina ɗora nauyina ya yi ƙara, ya karkata kaɗan zuwa hagu. Na sake gwadawa, ina neman yadda zan yafe masa, ya sake karkata. Na tuna zaman da muka yi da Inna a kan siminti, na sauka.

Da na kwanta a kan na ukun, ƙafata ta zauna, bayana ya miƙe. Na ɗaga hannuwa sama kamar yadda aka koya mini, bai motsa ba. Na daɗe a kai fiye da yadda gwaji ke buƙata. Rabona da in kwanta da rana ba tare da kunnena na jiran kira ba, na manta. A nan na san iyakar gajiyar da ke jikina.

Shi na saya, haɗe da ƙananan ƙarafa biyu. Keke ba ya shiga lungunmu, don haka daga bakin hanya ni na rungumo bencin. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Sannu, kayan asibitin Inna ne?" Da na ce e, da an wuce wurin. Na ce mata na ɗaga ƙarfe ne, kuma nawa ne. Sai ta kama mini ɗaya gefen har zaure.

Na yi niyyar kai shi ɗakina. Inna ta nuna gefen gadonta da hannunta mai lafiya. Harshenta ya yi nauyi tun ciwon, magana ba ta fita sosai, amma na ji ta: "Nan."

Ita ta zama mai ƙirga mini. Kullum bayan sallar la'asar ina kwance ina ɗagawa, tana cewa ɗaya, biyu, a hankali. Bakwai ce ke ba ta wahala, takan tsaya ta yi ta kokawa da ita, ni kuma hannuwana na sama suna rawa ina jira. Wani lokaci ina zargin da gangan take yi. Likitar ta ce ƙirgar na taimakon harshenta, amma ban gaya wa Inna ba, don kada ta ɗauke shi magani ta daina.

Bayan wata huɗu ƙanena na biyu ya zo dubiya. Lokacin alwala ya yi, ya miƙe da sauri ya kama ta ta hammata zai ɗaga. Inna ta ɓata fuska.

"Bar mata," ta ce. "Ita ta iya."

Na durƙusa, na sa hannuna a bayanta, na miƙe da ita. Ya matsa gefe ya riƙe mana labule. Da muka dawo muka tarar ya zauna a bakin gado da ƙarfe ɗaya a hannu, yana juya shi. Ya ce, "Yaya, gobe kafin in tafi ki nuna mini yadda ake ɗaga ta."