Ranar da Zakiyyu Ya Ƙi Amsa Gaisuwar Ogansa

Zakiyyu mai gyaran injin ban-ruwa a Hunkuyi aka haife shi, a nan yake zaune, kuma in ban da Makarfi da Zariya babu garin da ya taɓa kwana. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, farcensa kullum da baƙin mai ko da ranar Juma'a ce. Ya yi allo, ya yi firamare, ya shiga sakandare ya fito a aji uku. Boko bai karɓe shi ba, shi ma bai matsa ba. Mahaifinsa ya ɗauke shi ya kai shi Makarfi wurin wani makanike mai suna Maiwada, inda ya yi shekaru yana wanke filogi, yana cin tuwon gidan, yana shan zagi. Da hannunsa ya faɗa, Maiwada ya sallame shi da akwatin kayan aiki, daga baya kuma shi ya shige masa gaba wajen neman auren Juwairiyya. Har yau Zakiyyu ba ya kama sunansa. Oga yake ce masa, kuma in Oga ya kira a waya sai ka ga ya rusuna a cikin shago, ko da ba mai ganinsa.

Aikinsa na rani ne. Masu tumatir da albasa da rake daga Taba da ƙauyukan kusa su ne ke kawo masa inji a bayan babur. Da damina ta sauka sai injuna su shiga ɗaki, shago ya zama wurin zaman banza. A irin wannan zaman ne Maiwada ya koya masa wasan. Oga da furfurarsa, amma ya kamu da wani wasan kwamfuta da ake yi ta intanet da mutanen ƙasashe. Kowa da jirginsa a sararin samaniya, ana haƙar ma'adini, ana gina tasha, ana kai wa juna hari. Zakiyyu ya sayi tsohuwar kwamfuta a Zariya, ya jona ta da batirin sola, ya shiga ƙungiyar da 'yan yankin suka kafa. Shugabanta Malam Shamsuddeen ne, malamin makaranta a Ikara. Sun fi shekara biyu suna gina tasha guda a wani lungu na samaniyar, kuma duk abin da suka tara a can yake.

Sai Maiwada ya yi rigima da Shamsuddeen a kan wa zai riƙa jan yaƙi. Ya fita, ya koma wata babbar ƙungiya ta baƙi, masu son lungun da tashar take. Zakiyyu bai bi shi ba. Ya je Makarfi ya ba da haƙuri, Maiwada ya ce ai wasa ne, kowa ya zauna inda yake so.

Aikin Zakiyyu a ƙungiya leƙen asiri ne. Zai shiga inda abokan gāba ke taruwa, ya ɓoye, ya ga yawansu da irin jiragensu da ƙofar da za su bi su shigo lungun tashar, ya faɗa wa Shamsuddeen a waya. Jirgin wannan aiki ƙarami ne, gurabun ɗora kaya a jikinsa kaɗan ne, wutarsa ma kaɗan ce. Abin da ka ɗora, wani ka hana. Akwai na'urar ɓoyewa, wadda 'yan ƙungiya ke kira layar zana, ita kaɗai tana shanye kusan rabin wutar. Akwai 'yan aike, ƙananan na'urori da ake watsawa su gano inda jirage suke. Abin da ya rage sai mutum ya zaɓa tsakanin sulke, da injin gudu, da bindiga.

Haɗin farko da Zakiyyu ya yi, bindiga biyu ya ɗora da sulke mai kauri. Shamsuddeen ya duba hoton da ya tura masa ya kira shi.

“Zakiyyu, wannan jirgin leƙe ne ko motar soja?”

“Malam, mutum ba ya shiga daji hannu rabbana.”

“Wa za ka harba? Da ka harba laya ta warware. Kuma da wannan sulken kafin ka juya an gama da kai.”

“To in aka tare ni fa?”

“In aka tare ka ka mutu, da bindiga ko ba bindiga. Cire su.”

Ya cire, ransa bai so ba. Amma shi mutum ne da ya saba da inji, kuma bai daɗe ba ya gane cewa jirgin ma inji ne. Ya riƙa gwadawa yana saukewa, yana lura da abin da ke sa shi saurin juyawa da abin da ke sa shi nauyi. Ya bar laya da 'yan aike a jikinsa, ya sa sulke mara nauyi, ya ƙara abin da ke rage ɗumin inji don kada na'urar maƙiya ta shinshino shi. Jirgin ya yi kyau. Matsalar ba daga jirgin ta zo ba.

A wannan lungu na wasan, ba a ganin sunan kowa sai in ya yi rubutu a akwatin hira da kowa ke gani. Ɗan leƙe ba ya rufe akwatin, don maƙiya kan yi suɓutar baki a ciki. Karantawa yake yi, ba ya rubutawa. Wata rana bayan la'asar Zakiyyu yana ɓoye, yana kallon jiragen baƙi suna taruwa, sai rubutu ya fito da Hausa.

“Salamu alaikum. Zakiyyu, an wuni lafiya? Ya iyali?”

Maiwada ne. Bai san ko Zakiyyu na wurin ba, jefawa kawai ya yi. Kafin Zakiyyu ya yi tunani yatsunsa sun riga sun rubuta, “Wa alaikumus salam, Oga. Lafiya lau. Ya gida, ya aiki?” Sunansa ya fito ɓaro-ɓaro. Baƙin suka bazu suna share wurin, kuma ita laya haka take, da wani abu ya matso kusa da ita sai ta warware. Suka fasa jirgin kafin ya gama ƙirga su. Ran nan ƙungiya ta rasa jiragen haƙar ma'adini da dama.

Aka haɗa masa wani. Bayan 'yan makonni aka sake. Wannan karon Maiwada jikin mahaifiyar Zakiyyu ya tambaya, don ya san tana fama da ƙafa. Zakiyyu ya sake amsawa, aka sake fasa jirgin.

Shamsuddeen bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Mun samu labari ranar Asabar tashar za su taso wa. In ba mu san ƙofar da za su bi ba, ta tafi, da duk wahalarmu. Ni ba ni da wanda ya kai ka iya haɗa jirgi. Amma in ka sake amsa masa, wani zan ba aikin, kai ka koma ɗaukar kaya.”

“Malam, Ogana ne fa.”

“Na sani. Shi ma ya sani, shi ya sa yake yi.”

Zakiyyu ya koma kan jirgi, don abin da ya iya ke nan. Abin da yake nema shi ne haɗin da zai ba shi dama ya amsa gaisuwa kuma ya tsira. Ya sauke sulke gaba ɗaya ya ɗora babban injin gudu, da nufin ya rubuta amsa ya arce. Wuta ba ta isa ba, laya ta ƙi tashi. Ya sauke 'yan aike don ya samu wuta, laya ta tashi, amma jirgin ya zama makaho, ba amfanin zuwansa. Ya gwada ƙaramin inji, ya sa wani ɗan ƙungiya ya kore shi don gwaji, aka kama shi tun bai yi nisa ba. Wani manomi ya kawo injin feshi ya zauna a benci har ya gaji ya tafi.

Juwairiyya ta kawo masa abinci shago, ta tarar da na jiya bai taɓa rabinsa ba. Ya yi mata bayani. Ita ba ta damu da wasan ba, amma ta san Maiwada.

Ta ce, “To ka amsa da baki mana, Baban Samira. In ya rubuta sallama ka ce wa alaikumus salam a nan inda kake. Ka fita haƙƙi.”

“Ai ba zai ji ba.”

“Da ma so kake ya ji?”

“Mutumin da ya riƙe ni a gidansa ya gaishe ni, in yi masa shiru kamar ban san shi ba?”

“Shi da ya riƙe ka ai shi ke fasa maka jirgi. Ci abincinka, ina son kwanona.”

Ya ci. Da ta tafi ya sauke injin gudun, ya mayar da 'yan aike da laya da abin rage ɗumi. Ko sulke bai mayar ba, ya bar gurbin babu komai don jirgin ya ƙara sauƙin juyawa. Jirgi ne da ba ya faɗa, ba ya gudun kirki, harbi ɗaya ya ishe shi. Ba zai rayu ba sai in mai shi ya yi shiru.

Ranar Asabar da hantsi ya rufe ƙofar shago rabi, ya shiga wurin tun babu kowa, ya sami gefe nesa da hanya ya kunna laya. Baƙin suka fara zuwa. Yana kallo yana faɗa wa Shamsuddeen a waya a hankali, kamar za su ji shi. Can sai rubutun ya fito.

“Salamu alaikum.”

Zakiyyu ya ɗauke hannuwansa daga kan kwamfuta ya zauna a kansu. Ya ce, “Wa alaikumus salam,” shi kaɗai a shago.

“Zakiyyu, an tashi lafiya? Ya Juwairiyya da yara?”

Bai rubuta ba.

“Ya jikin tsohuwa? An ce ƙafar ta sake kumbura.”

Shamsuddeen yana jin numfashinsa ta waya. Ya ce, “Zakiyyu.”

“Ina ji, Malam.”

Maiwada ya ƙara rubutu ɗaya. “Ashe yau ba ka nan. To Allah ya ba da lafiya.” Daga nan ya koma Turanci yana gaya wa mutanensa hanya a buɗe take. Suka juya zuwa ƙofar yamma. Zakiyyu ya faɗi ƙofar, ya faɗi irin jiragen da ke gaba da waɗanda ke baya. 'Yan ƙungiya suka tare bakin ƙofar suka jira. An yi ɓarna ta kowane ɓangare, amma baƙin suka janye, tasha ta tsira.

Ranar kasuwar Makarfi ya hau babur ya tafi. Ya tarar da Maiwada a gaban shagonsa yana kwance wani janareto. Ya durƙusa ya yi gaisuwa tun daga kwana har gajiya har mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Maiwada yana amsawa da “lafiya” bai ɗago kai ba.

Da ya gama, Maiwada ya ce, “Kana nan ranar.”

“Ina nan, Oga.”

“Ka ga na tambayi jikin tsohuwa?”

“Na gani. Da sauƙi, kumburin ya saɓe. Tana gaishe ka.”

“Ina amsawa.” Ya goge hannu da tsumma. “Mun share wurin bayan faɗa, ba mu gan ka ba. Me ka ɗora wa jirgin?”

Zakiyyu ya dubi ƙasa. “Oga, wannan kam a yi mini haƙuri.”

Maiwada ya dube shi, ya ce to, ya koma kan janaretonsa. Bai ce ya zauna ba, bai kuma ce ya tafi ba. Zakiyyu ya jima a tsugune, sannan ya yi sallama ya hau babur.

Aikin leƙe yana hannunsa har yanzu, kuma 'yan ƙungiya kan turo masa jiragensu ya duba musu haɗi. Yakan je Makarfi gaisuwa, ana amsa masa. A wasan kuwa Maiwada bai sake yi masa sallama ba. Duk sa'ad da Zakiyyu ya ɓoye kusa da baƙin yakan duba akwatin hira, ya tarar Turanci ne kawai.