Yadda Na Sa Uba Ya Hana Ɗansa Faɗin Gaskiya

Assalamu alaikum, Edita. A shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, kuɗin mai ya yawaita, ko'ina a Abuja gini ake yi, ni malami ne a gidan wani ɗan majalisa. Ban yi boko ba, allo da ajami na sani. Ni ke jan salla a gidan, oga kuma yakan ce ba shi da uba sai ni.

Ana nan sai wani ɗan jarida ya buga labarin cewa wani kamfani ya gina wa oga gida, shi kuma ya tsaya masa aka ƙwace gonakin mutane wajen Sheda. Ya ce shaidu na nan tafe. Yaran oga suka yi abin da suka saba, aka yi wa 'yan jarida liyafa, aka cika rediyo da labarin rijiyoyin burtsatsen da ya haƙa. Kowa ya yi shiru ban da ɗan jaridar nan. Aka aika masa ambulan ɗin kuɗi, ya mayar. Ni da bakina na ce a bar ni da shi, domin na san mahaifinsa, wani dattijo manomi a Kwali, gaban malami ɗaya muka yi karatu.

Na sami tsohon a zaure yana ɓarar gyaɗa. Na ce masa ɗansa yana yi wa bawan Allah ƙazafi, kuma alhakin ba zai tsallake wanda ya haife shi ba. Bai nemi hujja ba, ya ce tunda daga bakina ta fito, shi ke nan. A gabana ya kira ɗan a waya, ya ce in ya ƙara rubuta ko kalma ɗaya a kan maganar, bai yafe masa ba duniya da lahira. Ɗan ya amsa da to.

Labarin ya mutu. A wurin aikinsa suka ɗauka an saye shi, suka sallame shi, babu jaridar da ta sake ɗaukarsa. Daga baya oga ya kai ni in yi addu'ar tarewa a sabon gida, yana dariya yana gaya mini kamfanin da ya gina masa, ashe shi ne dai wanda ɗan jaridar ya faɗa. Da na koma Kwali in warware maganata, na tarar ana zaman makokin tsohon. Ya rasu yana ganin ɗansa maƙaryaci, bai kuma janye furucinsa ba.

Yau ɗan yana Masaka yana sayar da katin waya. Duk sanda ya gan ni sai ya rusuna ya gaishe ni a matsayin abokin babansa, na gwammace ya zage ni. Ina roƙon Allah gafara. 'Yan'uwana malamai da ke gidajen manya, ku bincika kafin ku shaidi kowa. Abin da kuɗinsu ya kasa saye, da mutuncinku za su je su karɓo shi.