Humrata da Iskar Wata Duniya

Ƙawaye, yau wata duniya ta ƙwace mini saurayi!

Habu ya dawo daga karatu a Damagaram, ya zo zance. Na shafa humra, don yau zai faɗi ranar zuwan magabatansa.

Sai na ga yana wa waya murmushi. Na leƙa wayar.

"Wace ce?"

"Ba mace ba ce, Zuwaira. Labarin teleskop ne, madubin hangen nesa a sararin samaniya mai kama hasken zafi. Ya gano tururin ruwa a iskar wata duniya mai nisa."

Idonsa har ƙyalli yake. Ni bai taɓa kallona haka ba.

Na ce, "Iskar zauren nan fa, me ke cikinta?"

Ya shaƙa. "Kamar maganin sauro."

Na naɗe tabarmata na shige gida. Ya kai magabatan nasa can!