Neman Ƙodar Kififiya a Ƙasar Rogo

Litinin: Kano zuwa Karaye

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na shiga Fijo a Kabuga. Lokacin ina ma'aikacin lafiyar dabbobi, madatsar Challawa kuwa ba ta daɗe da cika ba. Takarda ce ta tashe ni: kififiya na ta mutuwa a tafkin wani ƙauye kusa da Beli, manoma sun ce maganin kaskar Fulani ne ya lalata ruwan, sun hana shanu sha.

A shingen 'yan sanda aka buɗe jakata, aka ga wuƙaƙe da kwalabe.

"Wanzami ne?"

"Likitan kififiya ne, yallaɓai," in ji direba. Har muka iso Karaye, ƙarfe takwas saura kwata, ana yi mini dariya.

Karaye zuwa Beli

Na karya da koko da ƙosai, na hau akori-kura zuwa Rogo tare da buhunan gyaɗa. Kilomita talatin da 'yan kai ne, amma sai sha ɗaya muka sauka. Daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.

Mai unguwa ya tarbe ni da fura, muka gaisa har gaisuwa ta gaji. Na ce a kawo mini matacciyar kififiyar da aka ajiye. Sai ga ta a faifai, an feɗe ta, an wanke tas, an kyafe.

"Ranka ya daɗe, ina kayan cikin?"

"Haba Likita, baƙo daga birni mu ajiye masa ɗoyi? Mun zubar."

Kayan cikin nan na zo gani tun daga Kano. Raina ya ɓaci, amma yaya za ka yi faɗa da wanda ya girmama ka?

Talata: Bakin tafki

Da hantsi muka taru, manoma gefe guda, Fulani gefe guda. Ardo, dattijon da aka haifa a nan ƙasar, ya ce kwana goma sha biyu ke nan suna kora shanu nesa neman ruwa, ga rani ya yi tsanani.

"In an yarje mini in taka ruwan, zan kamo maka wata kififiyar, Likita."

Mai unguwa ya ɗaga kai alamar yarda. Ardo ya naɗe wando ya shiga, ya lalubo wata da ko wuya ba ta iya janyewa. Kafin azahar ta mutu, na buɗe ta a gaban kowa. Ƙodojin sun kumbura, na tsaga ɗaya, ga tsutsotsi sirara cunkus a ciki.

"Guba ba ta haihuwar tsutsa," na ce. "Wannan cuta ta yi watanni tana cin ta. Ku dai riƙa tafasa ruwan sha, sauran sai na duba a ofis."

Wani manomi ya leƙa, ya ce, "Ashe alhakin mutane muka ɗauka." Da la'asar shanu suka shiga ruwa. Ban taɓa jin daɗin ƙarar shan ruwa kamar ranar ba.

Laraba: Komawa

Ardo ya rako ni bakin hanya da ƙwaryar man shanu. Na ce, ai komai ya wuce.

"Ya wuce, Likita. Sai dai saniyar da na gada daga mahaifiyata, ita ta faɗi a hanyar ruwa ranar Juma'a. Ba ta tashi ba."

Bai zarge ni ba, don bai san cewa takardar tasu ta kwana bakwai a kan teburina ba. Ina ganin ta kullum, ina cewa kififiya ce kawai, za ta jira.

Na iso gida ƙarfe huɗu na yamma. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa mutanen da suka sauke ni. Man shanun kuwa maƙwabta na rabar wa, na kasa cin sa.