Kofin Kunun Mama Lydia

Kafin motar farko ta fara lodi a tashar Birnin Gwari, Mama Lydia ta riga ta hura wuta. Tukunyar kunun tsamiya tana damanta, kofuna a kife a kan faranti, ita kuma tana kan kujerarta 'yar tsugunno, ta ci ɗamara da tsohon zane, tana amsa gaisuwar wannan da Hausa, ta wancan da Gbagyi. Baƙo zai ce mai kunu ce kawai. Ku tambayi direbobi ku sha labari!

Duk direban da zai ɗauki fasinja sai ya biyo ta wurinta. Za ta cika masa kofi taf, kunu har baki, ta miƙa masa. Kunun da zafi, dole ya sunkuya ya hura, ita kuwa fuskarta tana dab da tasa, tana tambayarsa ya mai ɗakinsa, ya jikin tsohuwa. Daga nan sai ya ɗauki kofin da hannu ɗaya, ya taka zuwa bencin da ke gindin darbejiya. In ya isa bai zubar ba, numfashinsa kuma bai faɗa mata komai ba, sai ta ɗaga wa ɗan kamasho ludayi sama, a fara lodi. In ludayi bai tashi ba, mota ma ba za ta tashi ba.

Na yi watanni ina zama a gefen rumfarta lokacin da nake aikin wayar da kai a shirin gwamnatin jiha na hana tuƙi cikin maye. Ban cika magana ba, ita kuma ba ta taɓa matsa mini ba. Takan tura mini kofi ta ce, "Sha, 'yata, ki yi ta kallonki." Na kuwa yi kallo.

A wani ƙauye kusa da Kuyello aka haife ta, a gidan da ake dafa burkutu. Ita ma ta dafa, ta sayar, kafin ta bari ta koma kunu. Don haka babu goro, babu kanumfari, babu mintin da zai ɓoye mata warin giya. Da jami'an shirin suka zo tasha da na'urarsu ta gwada numfashi, suka ce ba kullum za su iya zuwa ba, suna neman wanda zai riƙa sa ido a sauran ranaku, maza suka yi ta kallon takalmansu. Mama Lydia ta ce, "Ni ina nan kullum, ko ana ruwa." Suka koya mata duba ido da sauraron nauyin harshe, suka ba ta lambar da za ta kira. Kofin kunun kuwa dabararta ce, domin ƙwaya ba ta da wari, amma hannu ba ya iya ɓoye ta.

Kada mai karatu ya ɗauka direbobinmu mashaya ne don sha'awa. A shekarun da hanyar Kaduna ta yi tsanani, motoci sai a ayari suke tashi, da rakiyar jami'an tsaro gaba da baya. Wanda ayari ya bari, sai gobe. Mutum kuma in zai ratsa wannan daji da rayukan mutane a bayansa, gabansa yana faɗuwa. Wasu addu'a suke yi. Wasu kuma sukan lallaɓa bayan shaguna su tsotsi 'yar giyar leda, wai don zuciya ta tsaya.

Ranar da ba zan manta ba, ayari ya fara jeruwa a bakin hanya, motar rakiya ta riga ta kunna inji. Auta, wani matashin direba mai barkwanci da kowa ke so, ya zo a makare. Ɗan kamasho ya ga lokaci na ƙurewa, ya cika masa mota tun kafin ya iso. Auta ya karɓi kofi yana dariya, bakinsa jawur da goro.

"Mama, yau kam a yi mini afuwa, kin ga ayari."

"Hura, ɗana. Ayari ba ya shan kunu."

Ya hura a gefe. Ta juyo da kofin gabanta. Ya sake hurawa. Sai ta nuna masa benci da haɓa. Bai yi nisa ba kunu ya gangaro masa a yatsu, ya ɗiga a wando.

"Ƙasar nan ce ba daidai ba, wallahi!"

"Ƙasar nan da kake takawa tun kana karen mota? Yau ta karkace?"

'Yan tasha suka kwashe da dariya, amma cikin motar babu mai dariya. Ludayi bai tashi ba, kowa ya gani. Wani ɗan kasuwa ya leƙo ta taga yana faɗa. Wani ya ce ai Auta ko a barci ya san hanyar nan. Sai wata mata, Saliha, ta fito daga motar da yarinya a kafaɗa, yarinyar ta yi laushi, an rufe ta da mayafi.

"Mama, don Allah. Likita ne ya ce mu kai ta Kaduna yau. In ayarin nan ya tafi, ina zan sa kaina?"

Auta ya ga ya sami masu goya masa baya, ya shige mota ya tayar. Abin da Mama Lydia ta yi kuwa, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ta ɗauki kujerarta da ludayinta, ta tako ba gaggawa, ta ajiye ta a gaban motar, ta zauna, bayanta na taɓa ƙarfen gaba. Ta gyara ɗaurin kallabi.

"To, bismilla. Ka fara da ni."

"Mama, ki tashi mana!"

"Gwiwa ke ciwo, ɗana. In na zauna, tashi sai da dalili."

Daga inda take zaune ta ɗaga murya ta kira Usman, shugaban direbobi. "Ciyaman! Yarinyar nan za ta Kaduna yau, kuma ba wannan ne zai kai ta ba. Ina Yero?"

Yero dattijon direba ne da motarsa ke wurin bakanike a makon nan. Yana can yana karin kumallo da waina. Usman ya yi ɗan jim, domin ba a saba ba wa wani motar wani ba, ya dubi Auta, ya dubi yarinyar, ya miƙa hannu ta taga ya kashe motar, ya zare makulli.

"Yero, zo ka ja."

Yero ya taho da gudu irin na tsofaffi, waina a hannu, yana cewa, "Ni kuma kununa fa? Ko ni ba a gwada ni?"

"Za a gwada ka mana! Kai ɗan wa?"

Nan take aka cika masa kofi. Ya hura, ya taka, ya isa benci ko ɗigo babu, ya juyo ya rusuna kamar wanda ya ci gasa. Ludayi ya tashi sama! Tasha ta ɗauki sowa. Sai a lokacin Mama Lydia ta janye kujerarta, motar ta fita da ƙura, ta kamo wutsiyar ayari ana dab da wucewa. An kai yarinyar asibiti a ranar. Tana nan da ranta, ta shiga makaranta.

Mama, ke ce kika zauna a gaban ƙarfe ba ki da kaki, ba ki da sanda. Ke ce kika sha zagin waɗanda kike tsare wa rai, kika wayi gari kika sake ba su kunu. Uwar tasha, mai ludayin da ke tsayar da mota!

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya, bayan tasha ta watse. Ba ta kira jami'ai a kan Auta ba a ranar, ba ta kuma yi masa wa'azi ba. Ta shimfiɗa masa buhu a bayan rumfa ya yi barci. Da ya farka ta zuba masa ruwa ya wanke fuska, ta zauna kusa da shi.

"Me kake gani a dajin nan?"

Can ya ce tun ranar da aka tare motar da ke gabansa, in ya doshi wurin sai ƙafarsa ta kama rawa a kan totur, kuma kunya ba ta barinsa ya faɗa wa kowa.

"Ai da ka faɗa mini," in ji ta. "Tsoro ba abin kunya ba ne. Ni ma da na zauna a gaban motarka, ka ɗauka cikina bai kaɗa ba?"

Ita ta roƙi Usman ya mayar da shi jigilar kusa, tsakanin gari da ƙauyuka, har zuciyarsa ta kwanta. Ita ta raka shi wurin ma'aikacin lafiyar da shirin ya tanada don masu son daina shaye-shaye, ta jira shi a waje kamar ɗan cikinta. Sai da ya yi watanni kafin ya koma hanyar Kaduna, kuma da ƙafarsa ya zo ya ce a gwada shi.

A ƙarshen watan nan Mama Lydia za ta ajiye aiki. Gwiwar da ta yi wa Auta barkwanci da ita da gaske take ciwo, 'ya'yanta kuma sun ce ya isa haka. Ba ta da takardar yabo ko ɗaya a bango. Na tambaye ta ko mutum nawa ta ceta, ta yi dariya ta ce, "Ina zan sani? Wanda ya isa gida lafiya ai ba ya dawowa ya ba da labari."

Mun gode, Mama. Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki huta cikin jikokinki. Mun gode a madadin duk wanda ya sauka a Kaduna ya kama harkarsa, bai ma san an yi wani abu dominsa ba.

Saura mu. Gwamnati za ta ci gaba da turo jami'ai da na'ura, amma ba za su kasance a kowace tasha kowace safiya ba. Mu fasinjoji muna nan. Ranar da kuka ji wari daga kujerar direba, ko kuka ga idonsa ya kaɗa, kada ku yi shiru don kuna sauri, kada kuma ku zagi wanda ya yi magana. Ku buɗe ƙofa ku sauko, ku ce a canza direba. In muryarku ta yi rawa, ku faɗa da rawar.