Ranar da Na Hana Shiga Ramin Burji

Akwai wata safiya ta tsakiyar damina da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ina jami'in kiyaye haɗari a wani kamfanin gina hanya. Muna ɗiban burji, wato jar ƙasar da ake shimfiɗawa kafin kwalta, a wani rami kusa da Kutama, muna kaiwa bakin aiki ta wajen Kabo. Aikina kowace safiya in zagaya ramin, in sa hannu a takarda cewa za a iya shiga. In ban sa ba, ko tifa ɗaya ba ta sauka.

An kwana uku ana ruwa. Da na hau saman bangon ramin sai na ga tsaga ta bi bakinsa, tafin hannuna yana shiga. Na sauko na haƙa gefe da shebur, yadda aka koya mana a kwas. Malaminmu daga ƙasar sanyi ya zo, inda dusar ƙanƙara ke taruwa hawa-hawa a kan duwatsu. Ya ce can kafin matafiya su bi gindin dutse sai an haƙa an duba, domin hawa ɗaya mai rauni ya isa ya zame da duk abin da ke samansa, ya binne mutane. Abin da na tarar ke nan: burji ya sha ruwa ya yi nauyi, a ƙarƙashinsa yumɓu mai santsi.

Na ce ba a shiga. Manajan aikin, Injiniya Sabo, ya iso yana faɗa, wai an ba shi wa'adi, kuma tun yana saurayi yake aikin rami. Direbobi ma suka yi mini ca.

"Malam Ɗanjuma, ka sa hannu, ko ka ajiye aikin," in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga biro. Sa naka hannun, ka rubuta cewa ni na ƙi."

Bai karɓa ba. Na jawo benci na gitta a hanyar sauka, na zauna.

Bangon bai faɗi ranar ba. Washegari ma yana tsaye, leburori suna wucewa suna tambayata ko ya faɗo, ga takardar tuhuma ta iso daga ofis. Na amsa ta a kan bencin. Sai a rana ta uku da hantsi muka ji wata ƙara kamar tsawa. Bangon ya sauko gaba ɗaya, ya rufe daidai inda leburori ke tsayawa suna lodi. Muka ƙirga kanmu, kowa yana nan.

Kafin ƙarshen wata aka cire ni daga aikin ramin, aka mai da ni sito. Ban roƙi kowa ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku sani ba wanda zai gode muku don kun hana, kuma in bango ya ƙi faɗuwa dariya za a yi muku. Ku bari a yi. Amma kada ku sa hannu a kan abin da idonku bai yarda da shi ba.