Bidon Soda da Ƙafafun Inna

Shekarun baya can, lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci da furfurata, mahaifiyata ta kamu da ciwon jijiya. Tafin ƙafarta zafi kamar ta taka garwashi, ko zane ba ta so ya taɓa ta.

Wata ranar kasuwar Gidan Amumune na dawo daga sayar da sabuni, na tarar da yayana, ɗan kabu-kabu, tsugune a tsakar gida. Ya zuba soda da ruwa cikin bido, wato jarka, yana jefa gutsattsarin tsohuwar tukunyar alminiyam, ya kafa tiyo a bakin bidon. Wai ya gani a waya cewa wata iska mai suna idirojen tana kashe ciwon jijiya, mai busa balan-balan na kasuwa kuma ya koya masa yadda ake haɗa ta. Inna na zaune kan tabarma riƙe da tiyon, tana jiran a ce ta shaƙa.

Ni da soda nake cin abinci, da ita nake haɗa sabuni. Na san yadda take cinye fata, balle maƙogwaron tsohuwa. Na fizge tiyon.

"Ke! Ina ruwanki?" in ji shi. "Turawa sun gwada, ya yi!"

"A kan wa suka gwada? Ba ni wayar."

"Ji mini ita! Daga koyon abajada sai ki zama dokta?"

Na karɓe wayar, ashe bayanin da Faransanci yake. Faransancina a lokacin rarrafe yake yi, na bi rubutun da yatsa ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, yana ta tsaki. Amma na gano abin da nake nema: a jikin ɓeraye aka yi gwajin.

Na ce, "Yaya, uwarmu ɓera ce? To bismilla, kai ne babba, fara shaƙa."

Maƙwabta sun leƙo, ba damar ya ƙi. Ya kai hanci kusa, bidon ya yi zafi yana tafasa. Tururin ya buge shi, sai tari, sai hawaye, har hularsa ta faɗi.

Inna ta ce, "Kai, ɗebe mini wannan masifa daga gidana!"

Washegari shi da kansa ya goya ta a babur zuwa likita a Mayahi, aka gano ciwon suga ne ke cin jijiyoyinta. Na tambayi likitan zancen idirojen. Ya ce binciken gaskiya ne, ɓeraye sun sami sauƙi, amma da iska mai tsabta da awo, kuma ba a gama tabbatarwa ga mutane ba.

Ina fata masu binciken su yi nasara, wallahi, don na ga abin da ciwon nan ke yi. Amma tun daga ranar, ko ƙwayar ciwon kai aka kawo wa Inna, sai ta ture hannun mai bayarwa ta ce, "A kira mini ɗiyata ta karanta tukuna."